Wangari Maathai: 'Yar ƙauyen da tallafin karatu ya kai Amurka, ta dawo ta jagoranci dasa bishiya miliyan 30

A watan Satumban 1960 aka kwashi ɗaliban Kenya kusan 300 a jiragen shata zuwa Amurka domin karatun jami'a. A cikinsu akwai wata budurwa 'yar shekara 20, wadda ko jirgin sama ba ta taɓa shiga ba.

Sunanta Wangari Muta. Iyayenta ba su da kuɗin da za su biya mata ko da kujerar jirgin, balle kuɗin makaranta.

Shekara 44 bayan wannan tafiya, ita ce mace ta farko daga Afirka da ta karɓi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, kuma a kan dashen bishiya aka ba ta. Kafin ta kai can an hana ta aiki, aurenta ya mutu a gaban kotu, ta kwana a kurkuku, 'yan sanda sun doke ta har ta suma, 'yan daba sun fasa mata kai.

Yarinyar da aka kusa bari a gona

An haifi Wangari ranar 1 ga Afrilun 1940 a ƙauyen Ihithe da ke yankin Nyeri, a tsaunukan tsakiyar Kenya. 'Yar ƙabilar Kikuyu ce, ƙabila mafi yawan jama'a a ƙasar.

A lokacin Kenya tana hannun Turawan Birtaniya, waɗanda suka ƙwace filayen noma mafi kyau suka mayar da 'yan ƙasa 'yan ƙwadago. Mahaifinta direba ne kuma makaniki a gonar wani Bature kusa da Nakuru, can iyalin suka zauna tana ƙarama.

A 1947 ta koma Ihithe da mahaifiyarta, saboda babu makarantar da yayyenta maza za su shiga a gonar Baturen. Ita ba a yi lissafi da ita ba. Wani yayanta ne ya tambayi mahaifiyarsu dalilin da ya sa Wangari ba ta zuwa makaranta kamar su, uwar kuwa ta ga babu wani dalili. Tana da shekara takwas ta fara aji ɗaya.

Akwai abin da ta riƙa tunawa daga wannan zamani har ƙarshen rayuwarta: wata ƙatuwar bishiyar ɓaure kusa da gidansu, da ƙoramar da take ɗebo wa mahaifiyarta ruwa. A al'adar Kikuyu ba a sare ɓaure, ko busassun rassansa ba a tsinta don girki. Sai da ta yi karatun kimiyya ta gane amfanin wannan hani: saiwar irin waɗannan bishiyoyi tana nutsawa ƙasa sosai, tana riƙe ƙasar, tana kuma taimaka wa idon ruwa. Da ta girma ta koma garin, an sare ɓauren, ƙoramar ta ƙafe.

Tana shekara 11 ta shiga makarantar kwana ta mishan ɗin Katolika a Nyeri. Tana can yaƙin Mau Mau ya ɓarke, Turawa suka kafa dokar ta-ɓaci a 1952, aka tilasta wa mahaifiyarta komawa ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka killace. Wangari ta fito ta ɗaya a ajinsu a 1956, ta wuce sakandaren 'yan mata ta Loreto a Limuru, ta kammala a 1959.

Jiragen Tom Mboya

Sa'ar da ta yi ita ce lokacin da ta gama sakandare ya zo daidai da wani shiri na Tom Mboya, matashin ɗan siyasa kuma jagoran ƙungiyoyin ƙwadago.

Mboya ya hango cewa 'yancin kai na tafe, ƙasar kuma ba ta da isassun masu digiri da za su karɓi ofisoshin da Turawa za su bari. Sai ya zagaya Amurka yana roƙon kwalejoji su ba 'yan ƙasarsa gurbin karatu kyauta. Ya samu guraben, amma kuɗin jirgi ya zama matsala.

A 1959 fitattun baƙaƙen fata irin su mawaƙi Harry Belafonte da ɗan wasa Jackie Robinson da ɗan fim Sidney Poitier suka taimaka aka tara kuɗin kai rukunin farko na ɗalibai 81. A shekara ta biyu Mboya ya garzaya wurin Sanata John F. Kennedy, wanda ke takarar shugabancin Amurka, gidauniyar gidansu ta ba da dala 100,000. Wannan kuɗi ne ya ɗauki rukunin su Wangari.

Ta sauka a kwalejin Mount St. Scholastica da ke garin Atchison a jihar Kansas, ta karanta kimiyyar halittu, ta samu digiri a 1964. Tana can Kenya ta samu 'yanci a Disambar 1963. Wani tallafin daga cibiyar Africa-America Institute ya kai ta Jami'ar Pittsburgh, inda ta kammala digiri na biyu a farkon 1966. Pittsburgh birni ne na masana'antun ƙarfe da hayaƙi ya yi wa illa, a can ta fara ganin mutanen gari suna haɗa kai don tsabtace iskar da suke shaƙa.

Ta dawo gida da takardar ɗaukar aiki daga sashen nazarin dabbobi na kwalejin jami'a ta Nairobi. Da ta je kama aiki sai aka ce an riga an ba wani. Ita dai ta yi imani har ta mutu cewa ƙabilanci ne da kuma kasancewarta mace.

Bayan wata biyu tana neman aiki, wani farfesa Bajamushe, Reinhold Hofmann, ya ɗauke ta a sabon sashen nazarin ƙirar jikin dabbobi na makarantar likitan dabbobi. Ta wannan hanya ta je Jamus bincike a jami'o'in Giessen da Munich.

A watan Mayun 1969 ta auri Mwangi Mathai, shi ma wanda ya yi karatu a Amurka. A watan Yulin shekarar aka bindige Tom Mboya a kan titin Nairobi.

A 1971 ta samu digirin digirgir, mace ta farko da ta kai wannan matsayi a gabashi da tsakiyar Afirka. Ta zama shugabar sashensu a 1976, mataimakiyar farfesa a 1977. Ko a nan sai da ta yi rigima da hukumar jami'a, domin ana hana malamai mata wasu alawus da ake ba takwarorinsu maza.

Bishiya bakwai, biyu suka rayu

Kaska ce ta fara kai ta ƙauyuka. Tana binciken wata cutar shanu da kaska ke yaɗawa, sai ta riƙa ganin shanun a rame, ba ciyawa, koguna sun yi jawur da ƙasar da ruwan sama ya kwaso daga gangaren tsaunuka.

A tarurrukan Majalisar Mata ta Ƙasa, wadda ta shiga, matan karkara suna kawo kuka iri ɗaya. Itacen girki ya yi nisa. Ruwan sha ya yi nisa. Gonakin abinci sun koma na ganyen shayi da gahawa. Dazuzzukan asali an sare su an maye gurbinsu da itatuwan katako na waje irin su turare, masu shan ruwa da yawa. Saboda ƙarancin itace, iyaye sun daina dafa abincin gargajiya mai daɗewa a wuta, sun koma wanda ke saurin nuna amma bai gina jiki, yara suka fara nuna alamun tamowa.

Wangari ta ga duk waɗannan matsaloli saiwarsu ɗaya ce, maganinsu kuma ba ya buƙatar injin daga waje: a dasa bishiya.

Yunƙurinta na farko ya faɗi warwas. Mijinta ya ci kujerar majalisa ta Lang'ata a 1974 bayan ya yi wa jama'a alƙawarin ayyukan yi, ita kuma ta kafa wani kamfani mai suna Envirocare don ɗaukar talakawa aikin dashe da gyaran lambu. Kuɗi suka ƙare, kamfanin ya mutu.

Ranar 5 ga Yunin 1977, ranar muhalli ta duniya, matan majalisar suka yi tattaki zuwa filin Kamukunji a Nairobi, suka dasa bishiya bakwai don tunawa da wasu jagororin al'umma na da. Biyu ne kawai suka rayu. Daga nan ƙungiyar Green Belt Movement ta samo asali. An sa mata sunan ne saboda layukan bishiyoyi da ake dasawa su kewaye fili kamar an ɗaura masa koren ɗamara.

Jami'an gandun daji sun ɗauka aikin na masu takardar shaida ne, suka riƙa koya wa matan darussa masu wuya kan nau'in ƙasa da irin shuka. Wangari ta ce wa matan su yi amfani da abin da suka sani, tunda ba yau suka fara shuka ba. Suka shiga daji suna tsinto irin itatuwan yankinsu, suna rainon dashen a fasassun tukwane da gwangwanaye.

Dabarar da ta riƙe ƙungiyar ita ce ta biyan kuɗi. Ana ba mace ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowace bishiya, amma sai an dawo bayan watanni an tabbatar ta kama. Duk wanda ya saba ganin bikin dashen bishiya na shekara-shekara, inda manya ke zuba ruwa a gaban kyamara su tafi, awaki su cinye dashen kafin mako, zai gane hikimar wannan sharaɗi. Ga matar da ba ta da kuɗin kanta, 'yan sulallan nan ma sun isa dalilin ɗebo ruwa a ba bishiya.

Daga baya ƙungiyar gandun daji ta Norway da wani asusun mata na Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa kuɗi, aiki ya bazu. A 1986 aka fara horar da mutane daga wasu ƙasashen Afirka.

Saki, kurkuku da ƙarin harafi

A shekarar da aka dasa bishiya bakwai ɗin mijinta ya bar gida, ya bar ta da 'ya'ya uku. A 1979 maganar ta kai kotu, jaridu suka yi ta yayatawa. Ya zarge ta da cin amanar aure, ta musanta, alƙali ya ba shi gaskiya.

Da wata mujalla ta yi hira da ita, sai ta nuna cewa alƙalin ko dai bai san aikinsa ba ko kuma an saye shi. Aka yanke mata ɗaurin wata shida saboda raina kotu. Kwana uku ta yi a gidan yarin mata na Lang'ata kafin lauyanta ya fito da ita.

Tsohon mijin ya aiko ta hannun lauya cewa ta daina amfani da sunansa. Sai ta ƙara harafin a guda ɗaya, Mathai ya koma Maathai, da haka duniya ta san ta.

A 1982 ta ajiye aikin jami'a don ta yi takarar majalisa a Nyeri. Aka hana ta tsayawa bisa wata hujja ta rajista, jami'a ta ƙi mayar da ita, aka kuma fitar da ita daga gidan ma'aikata. Tana da shekara 41, ba aiki, ba gida. Wannan ne ya sa ta koma wa dashen bishiya gaba ɗaya.

Bene mai hawa 60

Gwamnatin Shugaba Daniel arap Moi ba ta damu da mata masu dashe ba, har sai da suka fara tambayar wa ke rabar da filayen jama'a.

A watan Oktoban 1989 Wangari ta samu labarin cewa za a gina bene mai hawa 60 a cikin Uhuru Park, filin shaƙatawar da ke tsakiyar Nairobi. Ginin zai ƙunshi hedikwatar jam'iyya mai mulki ta KANU da jaridarta, da ƙaton mutum-mutumin Moi a gaba. An ƙiyasta zai ci kusan dala miliyan 200, mafi yawa bashi. Filin kuwa shi ne inda talakan birnin ke kai 'ya'yansa ranar hutu ba tare da biyan ko sisi ba.

Makaminta wasiƙa ne. Ta rubuta wa ministoci, da ofishin shugaban ƙasa, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da jakadan Birtaniya, tana kuma ba 'yan jarida kwafi. Ta kai ƙara kotu aka yi watsi da ita.

'Yan majalisa suka ware lokaci a zaurensu suna zaginta, suna yi mata gorin zawarci. Ranar 12 ga Disamba, a jawabin bikin 'yancin kai da ya yi a cikin filin da ake rigima a kai, Moi da kansa ya nuna cewa macen kirki a al'adar Afirka girmama maza take yi ta kama bakinta. Aka kori ƙungiyar daga ofishin gwamnati da take ciki, Wangari ta kwashe ma'aikatan ta mayar da su gidanta.

Amma surutun ya riga ya kai kunnen masu ba da bashin. A farkon 1990 masu zuba jari na waje suka janye, benen bai taɓa tashi ba. A ƙasar da jam'iyya ɗaya ke mulki, wannan ya nuna wa mutane cewa ana iya cewa a'a a kuma kwana lafiya, ko da dai ba lafiya ƙalau ba.

A Janairun 1992 'yan sanda suka kewaye gidanta kwana uku, suka yanke ƙarafan taga suka kama ta, aka tuhume ta da yaɗa jita-jita da cin amanar ƙasa. Cikin sanatocin Amurka da suka matsa wa Kenya lamba har da Al Gore da Edward Kennedy, ƙanen mutumin da gidauniyarsu ta biya mata kuɗin jirgi shekara 32 baya. An janye tuhumar a watan Nuwamba.

Tana kan beli ta shiga yajin cin abinci tare da iyaye mata da aka ɗaure 'ya'yansu saboda siyasa, a wata kusurwa ta Uhuru Park. Ranar 3 ga Maris 'yan sanda suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa, aka doke ta har ta suma, aka kai ta asibiti. Wasu daga cikin tsofaffin suka tuɓe tufafinsu a gaban 'yan sandan, abin da a al'adarsu tsinuwa ce mafi muni da uwa za ta yi. Iyayen suka koma cocin All Saints suka ci gaba da zaman dirshan kusan shekara guda, har aka saki mafi yawan 'ya'yan nasu a farkon 1993.

Sai kuma dajin Karura da ke gefen Nairobi, wanda aka yanka aka raba wa na kusa da gwamnati don gina gidajen alfarma. Ranar 8 ga Janairun 1999 ta je bakin dajin da dashe a hannu, tare da 'yan majalisa na adawa da 'yan jarida. Masu gadin da aka ɗauko haya suka afka musu da bulala da sanduna, aka fasa mata kai. Hotunan suka tayar da zanga-zangar ɗalibai. A watan Agusta gwamnati ta sanar da dakatar da rabon filayen jama'a. Karura yana nan yau, mutanen Nairobi na zuwa yawo da motsa jiki a cikinsa.

Majalisa da Nobel

Siyasar zaɓe ba ta karɓe ta da wuri ba. A 1997 ta nemi shugabancin ƙasa da kujerar majalisa a lokaci guda, ta sha kaye a duka biyun. Ko wasu masoyanta sun ga takarar shugabancin ba ta da amfani, tunda ta ƙara raba ƙuri'un 'yan adawa ne kawai.

A Disambar 2002, lokacin da haɗakar 'yan adawa ta kawo ƙarshen mulkin KANU, ta ci kujerar Tetu da kashi 98 cikin 100. Shugaba Mwai Kibaki ya naɗa ta ƙaramar ministar muhalli. Mutane da yawa sun ga muƙamin ya yi mata kaɗan.

Ranar 8 ga Oktoban 2004 tana kan hanyar zuwa mazaɓarta aka kira ta a waya aka sanar da ita Nobel. Ta tsaya a wani otal a Nyeri, ta durƙusa ta dasa bishiya tana fuskantar Dutsen Kenya. A lokacin ƙungiyarta ta dasa kimanin miliyan 30.

Wasu a Norway sun yi gunagunin cewa bishiya ba ta da haɗi da zaman lafiya. Kwamitin ya tsaya a kan cewa rigingimu da yawa a kan ƙasa da ruwa da kiwo suke farawa. Wanda ya san abin da ke haɗa manomi da makiyayi faɗa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wata ƙura ta tashi a lokacin, bayan wata jaridar Kenya ta ruwaito cewa ta ce da gangan aka ƙirƙiri ƙwayar cutar HIV don a hallaka baƙar fata. Ta fitar da sanarwa ta ce ba ta yarda da wannan magana ba, amma zancen ya bi ta tsawon shekaru.

Bayan Nobel ta jagoranci majalisar tattalin arziki da zamantakewa da al'adu ta Tarayyar Afirka, ta zama jakadiyar dazuzzukan yankin Kogin Kwango, ta kuma tsaya gaba a gangamin dasa bishiya biliyan ɗaya na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2006. A shekarar ta fitar da littafin tarihin rayuwarta, Unbowed. A gida kuwa, mutanen Tetu suka kayar da ita a zaɓen 2007.

Ta rasu ranar 25 ga Satumban 2011 a wani asibiti a Nairobi, tana da shekara 71, bayan fama da cutar kansa. Ta bar wasiyyar kada a sare bishiya don yi mata akwatin gawa, sai aka saƙa shi da gora da ciyayin ruwa. Gwamnati ta yi mata jana'izar ƙasa a Uhuru Park, sannan aka ƙone gawar kamar yadda ta nema.

Tallafin da ke ɗauke da sunanta

A 2012 Tarayyar Afirka ta haɗa sunanta da ranar muhalli ta Afirka, 3 ga Maris. Jami'ar Nairobi, wadda ta ƙi mayar da ita aiki a 1982, tana da cibiyar nazarin zaman lafiya da muhalli mai sunanta. 'Yarta Wanjira Mathai ta ci gaba da aikin farfaɗo da dazuzzuka a matakin nahiya.

Bayan rasuwarta ne kuma Gidauniyar Rockefeller da ƙungiyar Green Belt Movement da gidauniyar raya al'umma ta Kenya, KCDF, suka kafa asusun tallafin karatu na Wangari Maathai. An tsara shi don 'yan matan Kenya masu shekara 18 zuwa 25, kuma sakamakon jarrabawa kaɗai ba ya isa: sai yarinya ta nuna aikin kare muhalli da take jagoranta a cikin al'ummarta. Sharaɗin ya yi kama da wanda aka gindaya wa matan ƙauye tun farko, a ga bishiyar ta kama tukuna.

Wadda ta fi shahara cikin waɗanda suka samu ita ce Elizabeth Wathuti, ita ma 'yar yankin Nyeri, wadda ta dasa bishiyarta ta farko tana shekara bakwai. Ta samu tallafin a 2016 tana ɗaliba a Jami'ar Kenyatta, ta kafa ƙungiyar Green Generation Initiative mai koya wa 'yan makaranta dasa bishiyoyi, musamman masu 'ya'ya, da kula da su har su girma.

A watan Nuwamban 2021, a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a birnin Glasgow, Wathuti ta tsaya gaban shugabannin ƙasashe ta ba su labarin fari da yunwar da ke addabar arewacin Kenya. Shekarunta 26 a lokacin.